Tarihin rayuwar jariri, kashi na 9: Ranar da ya kama fida da hannunsa

A makon jiya mun baro jaririnmu yana wata biyar, duk abin da hannunsa ya kai sai ya tura baki. Yau kokawarsa da fida za mu duba.

Damƙar da jinjiri ke yi wa yatsa tun ranar haihuwa ba da saninsa ba ne, kuma kafin wata 6 ta gushe. Riƙon gaske sai wuya ya tsaya, baya ya yi ƙwari, ya iya sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan. Shi ya sa yawancin yara ke riƙe fida tsakanin wata 6 da wata 10. Bakwaini kuwa daga ranar da ya kamata a haife shi ake yi masa lissafi. Wanda nono zalla yake sha har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke so, yana iya tsallakawa kai tsaye zuwa kofi, babu abin da ya rasa.

Da farko tafin hannu kawai zai ɗora yana bubbugawa. Sannan ya rungume ta da hannu biyu, ta suɓuce, ya bi ta da kuka. Fida mai cin mililita 240 in ta cika ta kai kwatan kilo, ta yi masa nauyi. Ki fara da ta 120, ki kishingiɗar da shi a cinyarki kansa ya fi cikinsa tudu, ki ɗora hannuwansa a jikinta, yatsarki na tallafe da gindin. Ki karkata ta daidai yadda madara za ta cika robar bakin, in ba haka ba iska zai haɗiya, sai kumburin ciki da tumbuɗi. Kafin nan ki kifa ta ki gani: ɗiga ake so, in tsiyaya take yi hujin ya yi faɗi.

Inda ake samun matsala shi ne, yaro kan iya kai fida baki tun kafin ya iya zare ta. Uwa ta ga ya riƙe, ta tokare da filo ta tafi aikinta. Madara na ta zuba ko ya ƙoshi, ko barci ya ɗauke shi, kuma ƙwarewar jariri sau da yawa ba ta da sauti. Shan kwance ma na tura madara wajen bututun da ya haɗa maƙogwaro da kunne, wanda a jariri gajere ne a shimfiɗe, daga nan ciwon kunne. Wadda ta kwana a baki kuma sababbin haƙora take ci.

Ya kau da kai, ko hannuwansa sun saki, to ya ƙoshi. Ragowar a zubar, yawunsa ya riga ya shiga.

Mako mai zuwa: kofi, da yadda ake raba shi da fida tsakanin wata 12 da 18.