Asabar, tsakiyar bazara: zafin inji da batirin ƙaramin jirgina

Yau na fita da sassafe zuwa filin da muke tayar da ƙananan jirage masu rimot a bayan gari, domin a watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 da rana, kuma jirgi mai amfani da lantarki ba ya jure wannan. Bayan sauka ta farko na ɗora yatsa a kan injin, sai na kasa riƙewa ko na daƙiƙa biyar, alamar cewa ya wuce kima. Maganaɗisun da ke cikin irin wannan inji yana fara rasa ƙarfinsa idan ya haura digiri 80, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa.

Wani abokin wasanmu ya ba ni shawarar in sayi babban inji, amma ban ga dalilin kashe kuɗi ba tukuna. Na haɗa ma'aunin wuta tsakanin batir da na'urar daidaita gudun inji, wadda muke kira ESC, na buɗe wuta gaba ɗaya, sai ya nuna kusan amfiya 16 da farfela mai inci 10. Da na sauya ta da mai inci 9, sai ya sauko kusan 11. Bambancin ya fi yadda ido ke gani, saboda zafin da ke tashi a cikin wayoyin inji ba ya bin yawan wutar kai tsaye: idan wuta ta ninka sau biyu, zafi yana ninka sau huɗu ne. Ke nan zafin ya ragu da fiye da rabi, alhali jirgin bai rasa komai ba sai ɗan kuzarin hawa, wanda dama ba na bukatarsa a tashin nishaɗi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne ESC ɗin, wanda ke kwance a cikin jikin jirgin inda iska ba ta ratsawa. Na yanka ƙaramar kafa a hancin jirgin, sannan na yanka wata da ta fi ta girma a ƙarƙashin ciki ta baya, domin iskar da ta shiga ba ta da amfani matuƙar ba ta samu hanyar fita ba.

Batirin jirgin LiPo ne, wato batirin lithium da ake yi wa caji, mai gida uku (ƙananan batura uku da aka haɗa wuri ɗaya), wanda ke nuna bolt 12.6 idan ya cika. Na sauko da jirgin tun kowane gida yana wajen bolt 3.7, kuma na bar shi ya huce a inuwar darbejiya kafin caji, tunda batirin da ya wuce digiri 60 yakan kumbura, wani lokaci har ya kama da wuta. Gobe zan gwada farfela mai inci 9 amma mai ƙarancin murɗi, wato wadda fikafikanta ba su karkata sosai ba, in ga ko za a ƙara samun sauƙi.