Kafin Ku Ɗaure Kwali na Farko

Duk ƙungiyar 'yan sa kai da ke sayar da tsofaffin littattafai don tallafa wa laburare, ko ba daɗe ko ba jima, za a wayi gari an ce ta tashi daga inda take. Da ma wurin aro ne. Ko laburaren zai yi gyara, ko yana son ɗakin don ya zuba kwamfutoci, ko kuma littattafan da jama'a ke kawowa kyauta sun cika har babu masaka tsinke. Ƙannena, ku da kuke karɓar wannan aiki daga hannunmu, ina so ku ji yadda tamu ƙaurar ta kasance, domin yawancin wahalar da muka sha mu muka jawo wa kanmu ita.

Babban kuskuren shi ne mun fara ɗaure kaya kafin mu zauna mu tantance abin da ya cancanci tafiya. Ni na matsa a yi hakan. Na ce a kwashe komai tukuna, in an isa can a tace. Son littafi ne ya sa; raina bai yarda in ga an ware wani an ce ba shi da amfani ba. To amma littafin da ya yi shekara da shekaru a kan kanta, ana ta rage masa kuɗi babu mai ko ɗaga shi, sabon wuri ba zai samo masa mai saye ba. Haka muka yi dakon littattafan koyon kwamfuta na manhajojin da aka daina amfani da su, da jagororin jarrabawar da aka sauya wa manhaja, da tulin mujallu, da manyan kundayen ilmi. Ku duba Encyclopaedia Britannica: a 2012 masu ita da kansu suka sanar cewa sun daina buga ta a takarda, kuma bugun ƙarshe juzu'i 32 ne, nauyinsa ya haura kilo 50. Mutane na kawo irin waɗannan da kyakkyawar niyya, amma da wuya a sami mai ɗauka. Tsofaffin littattafan magani da na doka kuwa sun fi muni, don wanda ya saya ya yi aiki da su yana iya cutuwa. Da muka isa, kwalayen nan suka cinye filin da ya kamata a baje kayan da ake nema, kuma tacewar da na yi alkawari ba ta yiwu ba sai bayan kowa ya gaji tilis.

Ku tace tun kuna tsohon wuri, littattafan na kan kanta, kuna ganin bayan kowanne. Abin da ake saye ya tafi. Abin da ke da kyau amma ya daɗe, ku yi masa kasuwar bankwana, mutum ya cika jaka ya biya kuɗi kaɗan. Saura ku tuntuɓi makarantu da gidajen marayu da gidajen gyaran hali, amma ku tambaye su abin da suke so, kada ku jibge masu abin da ku ma kuka rasa yadda za ku yi da shi. Wanda ya yage ko ya ruɓe, a kai wa masu sarrafa tsohuwar takarda, ba tare da jin nauyi ba. Sai dai a yi hattara a wuri guda. Lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake bugawa a jikin littafi, wadda ake dubawa da waya a ga darajarsa, ta zama ma'aunin duniya ne a 1970, saboda haka mafi yawan littattafan da suka girme ta ba su da ita. Waɗannan a ware su gefe, wani mai ido ya duba su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu ake tsintar mai tsada.

Sai nauyi. Wanda bai taɓa kwasar littattafai ba yakan raina su. Mun samo manyan kwalaye muna murna za su rage mana zirga-zirga, muka cika su dam, sai ga shi mutum biyu na nishi a kan guda, gindin wasu na ɓarkewa a hanya. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga, shi ma in komai ya daidaita, kayan na kusa da jiki babu murɗa kugu. Masu taimakonku da yawa dattawa ne, don haka ku tsaya ƙasa da wannan sosai. Ƙananan kwalaye masu girma ɗaya, a kwantar da littattafan a ciki, a rubuta fanni da lambar kantar da za su hau a gefen kwali, tunda da zarar an jera su ba a ƙara ganin samansu. Kalmar "gauraye" kuwa kada a yarda kowa ya rubuta ta.

Nauyin nan ya shafi ginin ma. A ƙa'idar gine-gine ta Amurka, daɓen ɗakin da ake jera kantocin laburare ana tsara shi ya ɗauki kusan kilo 730 a kowace murabba'in mita, na ofis kuma kusan kilo 240, wato kashi ɗaya cikin uku. In aka yi maku tayin ɗaki a saman bene wanda asalinsa ofis ne, ku nemo injiniya ya duba kafin ku sa hannu. Kantoci kuma a ɗaure su da bango, masu nauyi a ƙasa, don yara za su shigo kuma yaro ba ya ganin kanta bai taka ba.

Ɗakin ƙasa shi ma da nasa ciwon. Mun je duba namu da rana tsaka a lokacin da babu ruwa, muka ga fili da araha, muka amince nan take. Ba mu ɗaga kai mun kalli tabon yoyo a silin ba, ba mu shafa bango ba. Takarda na shan danshi, kuma in laimar iska ta daɗe sama da kashi 65 cikin 100, fumfuna kan fara tsiro. Littafin da ya jiƙe kuwa cikin awa 48 yake kamawa. Kwalayen da muka jingina da bangon waje a kan siminti, da muka buɗe su warin kaɗai ya ishe mu bayani, kuma sun shafa wa na kusa da su. Ku je wurin bayan an yi ruwa. Ku sayi ƙaramar na'urar auna laima ku bar ta a ciki. Ku ɗora komai a kan katako, aƙalla santimita 10 daga ƙasa, ku bar rata tsakaninsa da bango don iska ta ratsa, ku kuma duba alamar gara da ɓeraye.

Ko wurin kyauta aka ba ku, a rubuta yarjejeniya: wa ke riƙe makulli, wa ke biyan wuta, inshorar wa za ta ɗauki nauyin wanda ya ji rauni, kuma wata nawa za a ba ku in an so ku tashi. Ku dakatar da karɓar gudummawar littattafai na ɗan lokaci, ku liƙa sanarwa babba a tsohuwar ƙofa, in ba haka ba za a ci gaba da ajiye kwalaye a can ruwa na dukansu. Kada ku faɗi ranar buɗewa sai kantoci sun tsaya.

Abin da ya fi yi mini ciwo har yau shi ne na mutane. A cikin laburare ba mu taɓa neman mai saye ba. Wanda ya zo maido da littafi ko ya rako yaro, sai ya leƙo ya tafi da ɗaya ko biyu. Mun ɗauka kayanmu ne ke jawo su, ashe ƙofar laburaren ce. A sabon wuri sai wanda ya fito takanas dominmu, kuma ciniki ya faɗi. Da mun roƙi a bar mana ko kanta ɗaya kusa da ƙofar, da akwatin saka kuɗi da adireshin sabon wurin, da ba mu yanke da su haka ba. Ku roƙi wannan tun ana maganar tashi, lokacin da masu laburaren ke jin nauyinku.

Sannan mun zaɓi wurin ba mu tambayi waɗanda ke zuwa kowane mako ba. Akwai wata dattijuwa a cikinmu da ke takowa da ƙafa daga gida. Ita ta san malamin da ke neman littattafan tarihi, ta san fannin da ke tafiya in an kusa komawa makaranta, kuma tana ɗaga littafi ta faɗi kuɗin da ya dace da shi. Sabon wurin ya yi mata nisa, babu motar haya da ke bi ta nan kai tsaye. Ba ta yi ƙorafi ba, zuwanta ne ya riƙa raguwa har ya tsaya, kuma babu ko layi ɗaya na abin da ta sani da muka rubuta. Saboda haka kafin ku amince da kowane ɗaki, ku ɗauki tsofaffin cikinku ku kai su su gani. Ku tambaye su yadda za su riƙa zuwa, ko matakala za ta gagare su, ko akwai banɗaki da wurin zama. In akwai wanda tafiyar za ta yi wa wuya, ku tsara wanda zai riƙa biyawa ya ɗauko shi, ku kuma zauna da shi da littafin rubutu tun yanzu, ya faɗa maku yadda yake sa kuɗi da su waye masu sayen da ya kamata a kira a shaida masu inda aka koma.