Kafin Ku Zargi Ƙasa, Ku Duba Sandar Awo

Matasan da suka fara aikin gwajin ƙasa sukan ɗauki duk lambar da na'urar pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, ta nuna a matsayin gaskiya tsantsa, tunda ba daga bakin mutum ta fito ba. Ni ma da wannan tunani na fara, kuma yawancin sakamakon da na ɓata a shekarun farko daga sandar awo, wato ilektirod, matsalar ta fito, saboda ban san abin da take bukata ba.

Kan sandar ɗan ƙwallon gilashi ne siriri, kuma a fuskarsa akwai wani rufi mai danshi wanda shi ne yake jin tsamin ƙasa ko kanwarta. A cikinta kuma akwai wayar azurfa mai rufin azurfa kulorayid da ke zaune a ruwan gishirin fotasiyam kulorayid, wanda ke saduwa da samfurin ta wata ƙaramar kafa mai ƙananan huji. Ni a da ina ajiye sandar a tataccen ruwa, wato wanda aka cire wa duk wani gishiri, a ganina abin da ya fi tsabta shi ya fi dacewa da kayan aiki mai laushi. Ashe ruwan nan yana zuƙe gishirin da ke ciki ta wannan kafa, yana kuma rage wa gilashin kuzari, har sandar ta riƙa jan ƙafa wajen ba da amsa. Mazauninta shi ne ruwan fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 3 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), ko ruwan ajiyar da kamfanin ya tanada, kuma idan kuka same ta a bushe, ku jiƙa ta a ciki ta kwana kafin ku yarda da ita.

Saita na'ura aikin kowace rana ne, da ruwan daidaitawa, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, na 7.00 da na 4.01, a ƙara na 10.01 idan ƙasar mai kanwa ce. Kada ku mayar da wanda kuka yi amfani da shi cikin kwalba don tattali, kamar yadda na taɓa yi, musamman na 10.01, wanda yake shan iskar kabon dayoksaid ya sauka daga matsayinsa. Lafiyayyar sanda tana ba da kusan milibolt 59 na ƙarfin lantarki a kan kowane mataki na pH a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, kuma na'urori da yawa suna nuna wannan a lissafin kashi cikin ɗari bayan an gama saitawa. Daga 95 zuwa 105 babu damuwa, amma idan ya faɗi ƙasa da 90 bayan an wanke ta, to ta tsufa.

Inda aikin ƙasa ya bambanta da awon ruwa shi ne laka. Ƙwayoyin yumɓu suna toshe waccan kafa a hankali, kuma alamar ita ce lamba ta riƙa yawo ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Na daɗe ina rubuta duk lambar da ta bayyana a lokacin da haƙurina ya ƙare, ina cewa halin ƙasar ne. Tsarin da ya dace shi ne a shanya ƙasar a inuwa, a tankaɗe ta da rariya mai huji milimita 2, a haɗa kashi 1 na ƙasa da kashi 2.5 na tataccen ruwa, a motsa, a bar ta kamar minti 30 yashi ya kwanta, sannan a tsoma sandar ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, domin yashi yana karce gilashin. Tsakanin samfuri da samfuri a ɗauraye ta, a ɗan dangwala mata takarda mai laushi ta tsotse ruwan. Gogewa tana tara mata cajin lantarki wanda ke rikita awon da zai biyo baya. Idan sandar tana da ƙofar ƙara mata ruwan gishiri daga sama, a buɗe ƙofar lokacin aiki, kuma ruwan ciki ya fi na kofin tsayi, don kada laka ta kutsa ciki.

Ku riƙa rubuta hanyar da kuka bi a gefen kowane sakamako. Ƙasar da aka auna a ruwan kalsiyam kulorayid mai mola 0.01 takan nuna lamba ƙasa da ta tataccen ruwa da kusan rabin mataki, kuma na taɓa kwatanta sakamakon hanyoyin biyu na yanke cewa wata gona ta yi tsami, alhali babu abin da ya same ta. Bambancin mataki ɗaya ninki goma ne na tsami, kuma a kan wannan lamba ake gaya wa manomi ko ya zuba farar ƙasa ko kada ya zuba. Saboda haka ku ware samfurin ƙasa ɗaya da kuka tabbatar da lambarsa, ku riƙa auna shi tare da sauran a kowane zama, kuma ku tanadi sanda ta biyu, tunda wadda ake aikin ƙasa da ita kullum ba kasafai take wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba.