Abin da aikin gareji ya koya min kan ganganci

Maigidan da ya koya min gyaran birkin manyan motoci a nan Jos ba kowane haɗari yake kira ganganci ba. Direban da ya yi lodin dankali daga Bokkos ya kama hanyar Abuja cikin damina, wannan kasada ce, neman abinci ne kuma dole wani ya yi. Amma wanda aka nuna masa birkinsa na zubar da iska ya ce "Oga bari in je in dawo tukuna", to shi ne mai ganganci, don ya sani, an faɗa masa, kuma gyaran bai fi ƙarfin aljihunsa ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne sa mota a firi, wato a cire giya, a gangaren Hawan Kibo wai don a rage shan gas. Jama'a, idan mota tana cikin ƙaramar giya injin ne ke riƙe ta, da ka cire giyar duk nauyin lodin ya koma kan birki kaɗai, ka taka ka saki ka taka ka saki, iskar da birkin ke aiki da ita na raguwa a tanki ga kwamfresa mai hura iskar ba ta cikawa da wuri tunda injin na juyawa a hankali, lainin, wato abin da ke matsewa ya tsai da taya, ya yi zafi har ka ji ƙauri, kafin ka kai kwana ta gaba ka taka ka ji wayam. Kuma ba kai kaɗai ba ne a hanyar, ga yaron mota a gefenka, ga bas cike da fasinja a gaba.

Abin da yake yaudarar mutane, yawanci ana yi a tsira. Sai ka ji mutum na cewa shekara nawa yana yi ba abin da ya same shi, yaran da ke koyo a hannunsa su ɗauka gwaninta ce. Wani ma ya ce tawakkali ne, wallahi wannan na ɓata min rai.

Amma fa ba zan ɗora wa direbobi duka laifin ba. Akwai masu motocin da ke auna wa direba gas daidai wa daida, in ya ƙare a hanya daga aljihunsa, kuma ka kira su kan kuɗin lainin su ce a lallaɓa. Shi ya sa yanzu in na ga birki bai yi ba, mai motar nake bugawa waya a gaban direban, in faɗa masa abin da ya lalace da kuɗinsa, in ce Alhaji ni dai ban sallami motar nan ba.