Ruwan gilashin baya ma aiki ne

Da hunturu ya kama, ƙura ta fara tashi a hanyar Haɗeja ko ta Katsina, sai masu Sienna da Sharon da Golf su tuna da gilashin baya. Motar da bayanta ke a tsaye, iska ce ke murɗowa ta manna mata ƙura, kafin ka yi nisa madubin tsakiya ya daina nuna komai. Direba ya danna, waifa ta motsa, ruwa bai fito ba. A nan ake ɓarna, domin waifa a kan busasshiyar ƙura karce gilashi take yi, tabon kuma ba ya gogewa.

Wayarin mota ne sana'ata, kuma da irin wannan ƙaramin gyara nake gane hannun da ya ƙware. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya ɗauki sufana sai ya saurari mota. Yakan ce, "Kai, shiga ka danna mini," shi kuma ya durƙusa wajen tankin ruwan, ya kara kunne. In famfon ya yi ƙara, to wuta na zuwa, laifin yana hanyar ruwa. In shiru, sai a koma kan fis da makunni da soket, a sa fitilar gwaji a ga ko wuta mai ƙarfin bolt 12 na isowa. Yadda ya yi mini haka nake yi wa yarana.

Ba kowace mota ce iri ɗaya ba. Toyota da yawa famfo biyu gare su, na gaba daban, na baya daban. Su Golf kuwa famfo ɗaya ne mai baki biyu: wuta ta bi ta wannan fuska ya watsa gaba, ta juya ya tura baya. Wanda bai san haka ba sai ya ga na gaba na aiki a Toyota ya rantse famfo lafiya lau, ko kuma a Golf ya ce a sayo sabo alhali makunni ne ya ƙi juya wutar. Masu shimfiɗa kwali a bakin titi suna kiran kansu injiniya, aikinsu ke nan, canji kawai. Mai mota ya biya kuɗin famfo, ruwa bai fito ba, sannan ya iso wurina da fushin wani.

Wahalar tana cikin tiyo. Siriri ne, ya taso tun daga tanki a gaba, ya ratsa jikin mota ta ƙarƙashin kafet ko cikin silin, ya shiga robar nan mai lanƙwasa da ke haɗa rufi da murfin but. Kullum ana buɗewa ana rufewa, ga zafin rana, sai ya bushe ya tsage ko ya zame daga mahaɗinsa. Famfo na ta turawa, ruwan kuma yana zuba cikin silin. In ka ga taswirar lema a rufin baya, ko makullin but ya fara gardama, kar ka jira. A wasu Golf ruwan ta tsakiyar sandar injin waifa yake fitowa, yoyo kaɗan ya isa ya sa tsatsa ta cinye injin. Mukan cire marufin ciki a hankali, ba mu karya maɓalli, mu yanke inda ya mutu, mu haɗa da tiyo daidai kaurinsa. Akwai kuma ɗan bawul da ke hana ruwa komawa tanki, shi ma yakan maƙale. Kan feshin kuwa da siririyar allura muke buɗe shi, mu busa iska ta baya, ba a soka masa ƙusa a faɗaɗa ramin.

Bayan duk wannan sai Alhaji ya ce, "Haba malam, ruwa ne fa kawai!" Nakan nuna masa tsagaggen tiyon a tafin hannuna, da marufan da aka cire aka mayar babu ko ɗaya da ke kaɗawa. Famfo kuma in dole sai an canja, ni da kaina nake shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa in zaɓo na Beljiyam, in jona shi da batir a gaban mai shago. Sababbin jabu masu ƙyalli a kwali ba na sa wa motar kowa, ko da mai ita ne ya kawo.

Kafin mota ta bar garejina muna wanke tankin tas, saboda yawancin toshewar daga can take farawa. Ruwan rijiya da yashinsa, a zuba omo a kai, ya kwana ya yi kauri ya like matacin famfo. Ruwa mai tsabta za ka zuba, da sabulun gilashi da aka yi domin haka, kuma ka riƙa danna na bayan lokaci zuwa lokaci ko da damina ce.