Ɗakin da nake ɗaurewa a jikin keke

Tantina na farko kilo huɗu da rabi ne. A gwanjo na saye shi, na mutum uku, mai sandunan faiba irin waɗanda in sun tsufa suke tsagewa kamar rake. Da shi na kama hanyar Daura daga Kano a watan Afrilu, na bi ta Dambatta, kafin in ga duwatsun Kazaure cinyoyina sun gaya mini gaskiya. Da dare kuma tantin ya ƙarasa ni. Leda ce falle ɗaya, taga ɗaya ƙarama kamar tafin hannu. In na zuge ƙofa sai gumi ya jiƙa ni sharkaf, in na buɗe sai sauro ya shigo da gayya. Har aka kira assalatu ban runtsa ba.

Masu ƙera yawancin tantunan nan sanyi da ruwan ƙasashensu suke tunani. Mu a nan sauro ne farko, sai zafi, sai abin da ke rarrafe a ƙasa, kunama da cinnaka. Ruwan sama 'yan watanni ne a shekara. Tun daga wannan daren, in na ɗauki tanti a hannu, raga nake fara dubawa kafin komai.

Wanda nake tafiya da shi yanzu riga biyu gare shi. Ta ciki raga ce zalla, sai gindinta da aka ɗinka da leda mai kauri wadda ta ɗan taso ta gefe kamar tasa, don kada ruwa ko ƙwaro ya biyo ta ƙasa. Ta waje ita ce mai tare ruwa da iska, kuma cire ta ake yi. Da bazara ko fito da ita ba na yi, ina kwance iska na ratsa ni, ina kallon taurari, sauro na kuka a waje. Da hunturu nakan rufa ta saboda sanyin asuba da ƙura. Duka da sandunansa na alminiyon kilo ɗaya da gram 700 ne a ma'aunin mai kanti na unguwarmu. Lissafin da nake yi mai sauƙi ne: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ni kuma da zafi ba na barin gari da ƙasa da lita biyar. Kusan kilo ukun da na rage, ruwan sha ne ya maye gurbinsu.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne tanti ya iya tsayawa da sandunansa ko ba a kafa turke ko ɗaya ba. Da rani ƙasar wasu wuraren kamar siminti take, ka doka turke da dutse ya lanƙwashe a banza. In ka yi arewa ka shiga rairayi, turken ya shige salin-alin, iska na tasowa ya fito. Sau da yawa ma ba a jeji nake kwana ba, barandar makarantar firamare ake ba ni, ko daɓen ƙofar gidan mai unguwa. A kan siminti ina za ka kafa turke? Mai tsayawa da kansa sai ka ɗaga shi cak, ka matsar da shi inda iska ta fi, da safe ka juya shi ka kakkaɓe yashi.

Wani abokin tafiyata bai yarda da kashe kuɗi a kan wannan ba, kuma ina ganin girman dabararsa. Gidan sauro na gida ya kai wa tela aka ɗinka masa gindi da zif, ya haɗa da ɗan tampol da igiya. Yakan ɗaure gefe ɗaya a darbejiya, ɗayan a sirdin kekensa. Ya fi nawa rashin nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai ranar da hadari ya taso mana daga gabas da iskar nan mai zuwa kafin ruwa, tampol ɗin ya tumbuke, a tantina muka ƙarasa daren mu biyu a takure, gwiwa na gugar gwiwa. Daga Nuwamba zuwa Maris nasa ya wadatar. Da damina ba na ba kowa shawararsa.

In za ka saya, za ka ga an rubuta lamba kamar 1500mm ko 3000mm a jikin rigar waje. Tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka ne kafin ya fara yoyo, kuma na gindi ya kamata ya fi na sama, domin a nan gwiwa da gwiwar hannu suke danna yadin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nailan yana saki in ya jiƙe, sai ka fito ka ƙara ɗaure igiya; foliyesta ba ya saki sosai, ya kuma fi jure rana. Ka guji mai launin kayan soja. A shingen jami'an tsaro zai jawo maka tambayoyi, a ƙauye kuma zai tsorata mutane. Ruwan ƙasa ko kore mara zane ya fi.

Gindin tanti kuwa tsidau ne maƙiyinsa, shi da ƙarangiya da ƙaya. Tsidau ɗin da ke fasa maka taya shi zai huda ledar da kake kwance a kai. Nakan share wurin da takalmi, in shafa da hannu a hankali, sannan in shimfiɗa buhun taki biyu da na farke na haɗa. Na yanke shi ya ɗan gaza faɗin tantin, domin in ya leƙo waje ruwan sama zai taru a kai ya malalo ƙarƙashinka. Gindin gawo yana da daɗin inuwa da rani, amma dabbobi suna taruwa a nan cin 'ya'yansa, ga ƙaya. Ba na kwana a wurin.

Wajen ɗauka, ba na barin shi dunƙule a jakarsa. Sanduna nakan ɗaure su a jikin ƙarfen tsakiya da robar tsohon tib, wadda ta fi kowace igiya riƙo. Raga da rigar waje suna cikin jaka a kan kariya, turaku a naɗe cikin tsumma daban don kada su huda yadi. In ka jibge komai a baya, gaban keken zai riƙa rawa a gangare, wayoyin ƙafar baya kuma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane bakin igiya sai na cusa shi, kada ya shiga taya. In raɓa ta jiƙa rigar waje, a saman kaya nake ɗaure ta, in shanya ta lokacin da na tsaya sallar azahar, in ba haka ba fumfuna ta kama ta.

Kuma ba na kafa komai a ƙasar mutane sai na yi sallama. A wani ƙauye bayan Kazaure na durƙusa na gaida dagaci, na ce, "Ranka ya daɗe, matafiyi ne, wurin kwana nake nema." Ya dubi keken, ya dubi ni, ya ce, "Yaro, ina ɗakin naka?" Na kafa shi a gabansa cikin minti biyar. Ya sa hannu ya taɓa ragar, ya tambayi ko sauro na iya ratsawa, sannan ya sa aka kawo mini fura.

Zif ɗin ƙofar ne yanzu ya fara buɗewa ta baya, ƙurar hunturun bara ta cinye shi. Na wanke haƙoransa da tsohon buroshi, na ɗan matse kan da filaya, ya kama. In ya sake saki kafin tafiyar Tiga da nake shiryawa, tela zai canja shi gaba ɗaya.