Na ci garuruwa shida, na rasa daula

Har yanzu idan na tuna daular Songhai da na rusa da hannuna a hutun ƙarshen zangon da ya wuce, raina yana sosuwa, duk da cewa a cikin kwamfuta aka gina ta. Mako uku na yi ina raino a ɗakina da ke bayan Ƙofar Ƙaura, daga bayan sallar isha'i har batiri ya ƙare, kuma kowane dare sai na ce wa kaina zagaye ɗaya ya rage in kwanta. Wanda ya taɓa Civilization, wasan da Sid Meier ya fara fitarwa a 1991, ya san wannan alkawari da ba a cikawa, domin kullum akwai ginin da saura zagaye biyu ya kammala.

Da kashi na huɗu, na 2005, na koyi wasan, ina riƙe da Mansa Musa na Mali. A can kana iya jibge dakaru ashirin a gurbi ɗaya na taswira ka tura su kamar fari, kuma kowane gari da nasa lissafin jin daɗin talakawa. Kashi na biyar, na 2010, ya mayar da gurabun masu kusurwa shida, ya kuma hana rundunoni biyu zama a gurbi guda, sai yaƙi ya koma kamar dara. Wannan ban sha wuyar gane shi ba. Abin da na raina shi ne 'yar fuskar da ke saman allo, wadda yanzu take auna jin daɗin daular baki ɗaya.

A kashi na biyar ɗin na ɗauki Askiya na Songhai, na kafa Gao, na tara mahayan Mandekalu, na afka wa maƙwabcina. Idan gari ya faɗi, yawanci wasan yana ba ka zaɓi uku: ka haɗe shi da ƙasarka, ka naɗa masa sarkin je-ka-na-yi-ka, ko ka ƙone shi. Ni kuwa duka shidan na haɗe, ba tare da na gina kotu ko ɗaya ba, alhali garin da aka ci da yaƙi ba ya daina gunaguni sai an gina masa ita. Ƙanina da ke leƙe ta bayana ya ce, "Yaya, fuskar nan fa ta yi ja." Na ce masa ya bar manya su yi mulki.

Garin neman ƙiba na samo rama. Garuruwana suka daina girma, ƙarfin dakaru ya ragu, 'yan tawaye suka ɓulla kusa da Tumbuktu suna ɓarnata gonaki. Da na duba sai na ga ashe na sayar wa wani sarki hauren giwa guda ɗaya tak da nake da shi don in biya sojoji, wato na cire wa talakawa abin da ke sanyaya musu rai a daidai lokacin da suke tafasa. Wasan yana ajiye kansa lokaci-lokaci, amma girman kai ya hana ni komawa baya har maƙwabci na biyu ya shigo Gao. Abin kunya, ni Bakatsine ne, daga garin da Shehu Al-Maghili ya zauna kafin ya je ya amsa wa Askiya na gaske tambayoyi kan sarauta.

Wanda zai fara, ya bar garuruwan da ya ci a hannun je-ka-na-yi-ka har sai yana da kuɗin kotu, kuma kada ya sayar da kayan alatun da ba shi da na biyunsu, ko nawa aka taya.

Kashi na shida, na 2016, ya fitar da unguwannin gari waje a kan taswira, na bakwai kuma, na 2025, ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni, sai dai tsohuwar kwamfutata ba za ta iya ɗaukarsa ba. Na sake farawa da Askiya, garuruwa huɗu kacal, kuma duk lokacin da ƙanina ya shigo ɗakin, kafin ya gaishe ni sai ya duba launin fuskar.